A Ina Za Mu Ga Aikin Masu Zanenmu?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina game da wata maƙala da kuka buga kwanakin baya, wadda marubucinta ya koka a kan yadda matasan da ke karatun zane a manyan makarantunmu suka bar abin da aka san mai zane da shi, suka koma tara gwangwanaye da tsummokara suna liƙawa a jikin katako, ko kuma su kwarara fenti a kan ƙyalle ba kai ba gindi, sannan su ɗauki hoton abin su sa a waya su ce sun baje koli. Ya kira aikin nasu tarkace, ya kuma tunatar da mu cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na yi fiye da shekara talatin ina koyar da zane a makarantun sakandare kafin in yi ritaya, saboda haka na san irin aikin da yake nufi, kuma ba zan ɓoye ba, akwai na banza a ciki da yawa. Amma ina ganin ya ɗora laifin a inda bai dace ba.

Tun muna yara a birnin Zariya, akwai gidajen da in mutum ya tsaya a ƙofarsu zai ga magini ya fitar da siffar keke a jikin bangon zaure, kusa da dagi da takobi da sauran zanen da aka gada. A wasu gidajen har da mota da agogo da jirgin sama. Keke kuwa ba gadon kakanni ba ne, baƙo ne da ya shigo tare da Turawa, amma maginin da ya gan shi a titi bai je neman izinin kowa ba kafin ya ɗora shi a bango, mai gidan da ya biya kuɗin aikin kuma alfahari ya yi da shi. Kayan aikin ma haka suka riƙa canzawa a hannunsu: daga laka da makuba, da siminti ya zo suka koyi yankar zane a jikinsa tun yana ɗanye, da fentin kanti ya wadata suka shafa shuɗi da kore da ruwan ɗorawa inda a da sai farar ƙasa da ja. Wanda ya je unguwar Birni a Damagaram zai ga irin wannan tafiya a bangayensu. In muka koma baya, Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, ya san azara ɗaya ba ta iya ɗaukar rufin ɗaki mai faɗi, sai ya jera ta daki-daki a cikin laka, wata na tallafar wata, har bakan gizonsa ya tsallake faɗin da mutanen zamaninsa suka yi mamaki. Da ya tsaya inda ya tarar da magina, da ba a ba shi wannan sunan ba.

Haka abin yake a ɗinkin riga, inda keken ɗinki ya zo ya zauna kusa da allurar masu aska takwas, haka kuma a ƙunshin mata, wanda a idonmu ya tashi daga naɗe ƙafa da lalle da ganye ya koma zanen fulawa da ake yanka salatif ana fitarwa. Abin da muke kira gargajiya yau, a jiya wani ne ya gwada shi, aka yi masa dariya ko aka yaba, sannan ido ya saba.

Misalin da ya fi kusa da kowa yana cikin aljihunmu. Matar da ke bayan takardar naira ashirin tana gina tukunya, Ladi Kwali ce, 'yar garin Kwali a ƙasar Gwari. Tun tana yarinya ta koyi ginin randa da tulu da hannu, ba faifai mai juyawa, ana gasa su a fili da itace da ciyawa, tana kuma zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi a jikinsu. Aikinta ya yi suna har Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a gidansa, kuma a can ne wani Bature magini mai suna Michael Cardew ya gan su. Shi ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, a farkon shekarun 1950, Ladi kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da faifan, ta yi kwanuka da butoci irin na Turawa, amma ba ta bar randarta ba. Ta ci gaba da gina ta da hannu kamar yadda ta gada, sai dai da wani yumɓu daban, ana shafa mata ruwan haɗin da ke narkewa a wuta ya yi sheƙi kamar tangaran, ana gasa ta a tanderu mai zafin da wutar ciyawa ba ta kaiwa. An nuna aikinta a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984.

A nan zan ba marubucin maƙalar gaskiyarsa, domin akwai abin da aka rasa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafowa, iska na bugawa tana ɗauke zafin. Randar da aka lulluɓe da sheƙi aka gasa har ta zama kamar dutse ba ta tsattsafo, ga nauyi, ga tsada, saboda haka ta tashi daga gindin bishiya a tsakar gida ta koma kan teburin mai kuɗi da akwatin gilashi a gidan adana kayan tarihi. Matar ƙauyen da ta san darajar aikin Ladi fiye da kowa, ita ce ta daina ganinsa. Wannan ita ce asarar, kuma ita ce nake son mu riƙe, domin sabon salon bai rage wa Ladi gwaninta ba ko kaɗan, wurin zaman aikin ne ya canza, masu kallonsa suka canza tare da shi.

A 1958 wasu ɗalibai a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke. Malamansu galibi 'yan Ingila ne, suna koyar da su auna jikin mutum da inuwa da nisa yadda ake yi a makarantun Landan, su kuwa suka ce za su karɓi wannan ilimi amma sai sun gauraya shi da abin da suka baro a gida. Daga baya aka riƙa kiran su 'yan tawayen Zariya. Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kusan abin da lalle yake a wurinmu, ya mai da shi harshen alƙalaminsa. Onobrakpeya kuwa salon da ya fi shahara da shi daga ɓarna ya samo shi: a 1967 ruwan asid ya cinye masa farantin ƙarfen da yake shirin buga zane da shi, ya cike ramukan da gam mai ƙarfi don kada ya yi asara, da ya buga sai ya ga tudu da kwarin sun ba da wani kyau da bai taɓa gani ba, ya rungumi hanyar. Na sha ba ɗalibaina wannan labari a ranar da wani ya zubar da tawada a kan aikinsa ya fara hawaye.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, waɗannan samari a Samaru suka zauna, tafiyar 'yan mintoci daga bangayen da na ambata, kuma darasin da suka bari a fili yake, amma mu masu bangon ba mu ɗauke shi da ƙarfi ba. Muna da zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, muna da zanen ƙwarya da na fata da na linzami da sirdi, kaɗan ne daga cikin 'ya'yanmu suka zauna suka yi musu irin hidimar da Okeke ya yi wa uli. A Sudan an samu wanda ya yi. Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne, ya je Landan ya koyo zane irin na Turawa, ya dawo Khartum ya baje kolinsa, sai ya lura mutanen gari ba su damu da abin da ya rataya ba. Bai zage su da jahilci ba. Ya shiga gidajensu yana duba abin da su da kansu suke ƙawata ɗaki da shi, ya tarar rubutun Larabci ne da saƙar faifai da tabarma, sai ya koma ga harafin da ya koya a allo yana ja yana lanƙwasawa har siffofi suka riƙa fitowa daga cikinsa. Da aka tsare shi a kurkukun Kober a 1975, a kan guntayen takardar buhun siminti ya ci gaba da zane a ɓoye, yana binne su a ƙasa in masu gadi sun matso. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya tara aikin rayuwarsa ya nuna wa duniya. Da marubucinmu ya ga takardar siminti a hannun ɗalibi yau, ina jin cikin tarkace zai lissafa ta.

Akwai kuma maganar da ake yawan jefa wa mai zanen da bai fitar da siffar komai ba, wato a tambaye shi, wannan hoton mene ne. Tambayar tana ba ni mamaki in ta fito daga bakin Bahaushe, domin ban taɓa jin wanda ya tare mai babbar riga ya ce masa aska takwas hoton mene ne ba, ko ya tambayi alaramma abin da zayyanar allo take kwaikwayo. Idonmu ya daɗe da sanin daɗin layi da launi da daidaito ba tare da neman fuskar mutum a ciki ba. Iyaye da yawa sun zo wurina suna ƙyamar 'ya'yansu su ɗauki darasin zane saboda abin da suka ji daga malamai game da sura mai rai, kuma ban taɓa raina damuwarsu ba. Abin da nake gaya musu shi ne, sababbin hanyoyin nan da ake kuka da su sun buɗe wa yaro fili mai faɗi da zai yi aiki shekara da shekaru bai zana ko ƙuda ba. Marigayi Gani Odutokun, wanda ya koyar a sashen zane na Zariya, yakan tsinka fenti ya kwarara shi a kan ƙyalle yana karkata shi, ya bar ruwan ya nemi hanyarsa sannan ya bi shi da hannu, kuma duk wanda ya tsaya gaban irin wannan aiki nasa ya san ba wasan yara ba ne.

To, ina matsalar take? Tana wajen nunawa. A da, aikin gwani a bainar jama'a yake zaune. Bangon zaure yana kallon titi, mai wucewa da jaki da mai tallan fura duk sun gani sun yanke hukunci. Rigar da aka shekara ana ɗinkawa ranar hawan salla take fita. Mata kuwa suna da baje kolinsu tun kafin mu ji wannan kalma a rediyo, wato jeren ɗakin amarya, inda ƴan uwa ke kwana suna tsara kaya daga ƙasa har rufi, gari ya waye a buɗe ƙofa ƴan kallo su shigo layi-layi, su yaba ko su taɓe baki. Jeren ma ya sha canji, daga ƙore zuwa tasoshi, daga tasoshi zuwa kwanukan fenti masu fulawa, daga nan zuwa tangaran a cikin kabad mai gilashi. Duk wannan yana nufin mai yi da mai kallo suna gari ɗaya, suna jin maganar juna, kuma wannan maganar ce take tace aiki, ta zubar da na banza ta bar na kirki.

Zanen makaranta bai samu wannan gata ba. Ya zo da nasa tsarin, na farin ɗaki mai fitilu da katin gayyata da jawabi cikin Turanci, kuma irin waɗannan ɗakuna da masu sayen abin da ke cikinsu yawancinsu a Legas suke, sai kaɗan a Abuja. Kasuwar zane ta ART X da aka fara a 2016 a Legas take ci. Da Nijeriya ta fara kafa rumfarta a babban baje kolin Venice na ƙasar Italiya a 2017, mutum nawa ne a Kano ko Sakkwato suka ji labari? Shi kansa Gani Odutokun a hanyar dawowa daga baje koli a Legas ya rasu a haɗarin mota a 1995, tare da wasu abokan aikinsa. Ɗaya daga cikin sassan da suka fi tsufa a ƙasar nan wajen koyar da zane yana Zariya, amma aikin da ake yi a cikinsa sai ya yi tafiyar kwana a mota kafin ya sami bangon da za a rataye shi da wanda zai saya. Na taɓa ziyartar wata makaranta da ba zan ambata ba, na tarar da aikin ƙarshe na ɗalibai na shekaru da dama jibge a wani ɗaki mai yoyo, gara ta ci na ƙasa, ƙura ta rufe na sama. Yaron da ya san makomar aikinsa ke nan, kuma ba wanda zai gani sai malamin da zai ba shi maki, me zai sa ya wahalar da kansa? A nan tarkacen gaskiya yake samo asali.

Saboda haka ban ga laifin wanda ya koma waya ba. Fati Abubakar, mai ɗaukar hoto daga Maiduguri, ta fara sa hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a Instagram a 2015, lokacin da duniya ba ta san jihar da komai ba sai tashin bam, ta nuna ƴan makaranta da ƴan kasuwa da masu kwalliyar salla, kuma ba ta jira wani mai farin ɗaki ya buɗe mata ƙofa ba. Ga mai hoto waya ta wadatar sosai. Ga mai sassaƙa da mai aikin da girmansa ne maganarsa, ba ta wadatar ba. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Jami'ar Nsukka tun 1975, yana tara dubban murafen kwalabe, galibi na barasa, a daddaƙe su a ɗinke da wayar tagulla har su zama kamar wani ƙaton bargo mai walƙiya da zai rufe fuskar bene, kamar yadda ya yi a Venice a 2007, kuma yakan bar masu ratayawa su lanƙwasa shi yadda wurin ya ba su, ta yadda aiki ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu. A waya wannan duka bai fi tafin hannu ba, ɗan yatsa ya ture shi ya wuce. Gani ya kori ji, amma ganin waya rabin gani ne, kuma yabon da ake samu a can ba ya koya wa yaro komai, tunda abokansa ne ke danna masa alamar so.

Abin da ya ba ni sha'awa a ƴan shekarun nan shi ne yadda wasu masu zane suka gaji da jiran farin ɗaki. Baje kolin Legas na shekara bibbiyu da aka fara a 2017, a tsohuwar rumfar gyaran jiragen ƙasa ta Ebute Metta aka yi shi, tsakanin matattun taragai da ciyawa, mutanen da ke zaune a wurin suna cikin ƴan kallo. Mu kuwa irin waɗannan wurare ba abin da muka fi yawa da su. Ga masaƙun Kakuri a Kaduna da suka rufe suka bar manyan zaurukan da iska kawai ke shiga, ga rumfunan tashar jirgin ƙasa a Zariya da Kano, ga tsofaffin gidajen silima da aka mayar ɗakunan ajiya, ga filin marinar Ƙofar Mata inda baƙi ke zuwa kallo dama. Ba a bukatar kuɗin gina sabon gida kafin a share ɗaya daga cikinsu na mako biyu, a kira ɗaliban Zariya da na Maiduguri da na kwalejojin ilimi su kawo abin da suka yi, a kira magina da marina da dukawa da masu zayyana da masu ƙunshi su kawo nasu a ajiye kafaɗa da kafaɗa, a bar ƙofa a buɗe ba kuɗin shiga, a rubuta bayanin kowane aiki da Hausa, da boko da ajami. Ina so in ga ranar da dattijon da ya yi shekara arba'in yana ɗinkin hula zai tsaya gaban gwangwanayen wani ɗan jami'a ya ce masa, yaro, launin nan naka bai zauna ba. Yaron zai ji zafi, amma zai koma ya gyara, wataƙila kuma dattijon ya tafi gida da wani tunani game da zarensa.

Daga ƙarshe, ya Edita, akwai rabon da ya faɗo kan jaridarku. Kuna ba waƙa da fim da littattafai shafuka, ana yi musu sharhi ana jayayya, shi ya sa mai karatu ya san mawaƙin kirki da na banza. Zane bai da wannan, har ma kalmomin da za mu yi maganarsa da su sun yi mana ƙaranci, kalmar zane ɗaya muke ja ta rufe aikin alƙalami da na fenti da na bango, ga ta kuma sunan abin ɗaurawa. Magina da maɗinka da marina suna da sunan kowane salo da kowane kuskure a sana'arsu, kuma in wakilinku ya zauna da su zai kwaso kalmomin da za su yi mana aiki. Ina roƙon ku ware ko rabin shafi ne sau ɗaya a wata, ku buga hoton aiki guda, ku faɗi wanda ya yi shi da abin da ya yi shi da shi da tsawonsa da faɗinsa da inda mutum zai je ya gan shi da idonsa, sannan ku bar masu karatu su yi ta muhawara. Marubucin da nake ba amsa ma ina gayyatarsa ya zama na farkon masu sharhi, domin yana da kaifin ido da ƙarfin alƙalami, sai dai ya ambaci aikin da yake nufi ɗaya bayan ɗaya, ya gaya mana abin da ya gani a jikinsa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin zane,
Tudun Wada, Zariya.